Babi na Shida: Hoto Yana Cikin Waya, Kwamfuta Ta Ce Babu

Duk wanda ya taɓa riƙe shagon wankin hoto a ƙasar Gumel ya san lokutan da aiki ke yi wa mutum yawa. Akwai makon sallah, lokacin da kowa ke son a wanke masa hotonsa da sabon ɗinki, ko hoton da ya ɗauka wajen hawan Sarki. Akwai bayan kaka, idan an sayar da riɗi da soɓo, kuɗi ya shigo hannu, aka shiga bukukuwan aure. Akwai kuma lokacin cike fom na makarantu da na neman aiki, inda samari da 'yan mata ke yin layi saboda fasfo. A irin waɗannan ranakun ne matsalar da za mu duba a wannan babi ta fi ciwo. Mutum ya taso daga Medu ko Zarada, ya biya kuɗin babur har Gagarawa Tasha, ya miƙa wayarsa, ga hoto ƙiri-ƙiri a fuskar waya. An tura shi cikin kwamfuta, amma manhajar da ake buga hoto da ita ta ƙi ganinsa. Wani lokaci ko sunansa ba zai fito a jeri ba. Wani lokaci kuma ya fito, a danna shi, manhaja ta ce ba ta san irinsa ba.

Abin da aka saba ji daga bakin yaron shago shi ne, "Baba, hoton nan naka ya lalace," ko kuma, "Bairos ne ya ci shi." Dattijo ya ce, "To ɗana, yaya za a yi ya lalace, ga shi ina kallonsa da idona?" A mafi yawan lokuta dattijon ne ke da gaskiya. Hoton lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne waya ta adana shi da salon da aka ƙirƙiro bayan an gama rubuta manhajar da ke cikin kwamfutar shagon.

Hoton da ke cikin waya lambobi ne zalla. Kowane ɗan ƙanƙanin guri a jikinsa, wanda ake kira fiksel, yana da lambar da ke faɗin launinsa da haskensa, kuma hoto guda yana ɗauke da miliyoyinsu. Da za a ajiye su yadda suke, da hotuna kaɗan sun cika waya, don haka sai an matse su. Hanyar matsewar da duniya ta fi sani ita ce JPEG, wadda wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya fitar da ƙa'idarta a 1992. PNG ta biyo baya a 1996. Shekara ashirin da ɗoriya kusan kowace kyamara da kowace waya JPEG take ajiyewa, har mutane suka ɗauka cewa hoto da JPEG abu ɗaya ne. A 2010 kamfanin Google ya fito da WebP domin shafukan intanet su riƙa buɗewa da sauri. A 2017 kuma kamfanin Apple ya mayar da wayoyinsa, daga iPhone 7 zuwa sama, suna ajiye hoto a salon HEIC, wanda ke cin kusan rabin gurin da JPEG ke ci ba tare da hoton ya rage kyau ba. Wasu wayoyin Samsung ma suna da wannan zaɓi a saitin kyamararsu. Su Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'a, galibi JPEG suke ajiyewa har yanzu, shi ya sa shago zai iya yin kwanaki bai ci karo da matsalar ba, sai ranar da wani ɗan kasuwar Maigatari ya shigo da iPhone ɗinsa.

Yanzu a dubi abin da ke kan teburin shagon. Sau da yawa tsohuwar kwamfuta ce da aka sayo a Kano, tana aiki da Windows 7 na 2009, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020. A cikinta akwai Photoshop 7.0 na 2002 ko CS3 na 2007, da CorelDRAW X3 na 2006. Duk waɗannan sun girmi WebP da HEIC. Shi kansa Photoshop sai a 2022 ya fara buɗe WebP da kansa ba tare da an ƙara masa wani abu ba. Ba na ganin laifin mai shago da ya riƙe tsohuwar manhaja. Tun 2013 Adobe ya koma karɓar kuɗin haya wata-wata, kuma da kuɗin waje, sannan sabuwar manhajar ba za ta motsa a kan kwamfutar da ake lallaɓawa da ƙaramin janareta ko sola ba. Tsohuwar tana yanka fasfo, tana gyara haske, tana jera guda takwas a takarda ɗaya, kuma abin da ake buƙata ke nan. Ba sai an jefar da ita ba. Abin da ya rage shi ne mai shago ya san yadda zai mayar da baƙon hoto zuwa salon da ta sani.

Matakin farko shi ne a ga cikakken sunan hoton. Kowane fayil yana da haruffa uku ko huɗu a wutsiyar sunansa, bayan ɗigo, irin su jpg ko png ko heic ko webp, amma Windows yana ɓoye su idan ba a ce masa ya nuna ba. A Windows 7 ana shiga Folder Options, a je View, a cire alamar da ke gaban "Hide extensions for known file types". A Windows 10 ya fi sauƙi: a buɗe kowace folda, a je View, a sa alama a gaban "File name extensions". Aikin minti ɗaya ne, sau ɗaya ake yinsa, kuma ina ganin duk kwamfutar da ake karɓar hotunan jama'a da ita ya kamata a yi mata shi tun ranar da aka kawo ta. Shi kansa sunan yana ba da labari. Idan ka ga IMG_ da lambobi huɗu sannan HEIC, daga iPhone ya fito kai tsaye. Idan ka ga suna irin IMG-20240410-WA0003, ka san ya bi ta WhatsApp, kuma an riga an rage masa girma.

A nan ne da yawa ke yin kuskure. Mutum ya ga heic, sai ya goge ya rubuta jpg, yana zaton ya gama. Wanda ya saba shiga kasuwar hatsi ta Maigatari ranar Alhamis ya san cewa idan aka rubuta "riɗi" a jikin buhun da gero ke ciki, ba a sauya komai ba, mai saye zai soka ƙarfen awo ya ga gero. Haka manhaja take yi: tana duba rubutun waje, sannan ta leƙa ciki, idan suka saɓa sai ta ƙi. Kuma wannan saɓani yana faruwa ko ba wanda ya taɓa sunan. Hotuna da yawa da ake saukewa daga intanet suna zuwa da wutsiyar jpg alhali WebP ne a ciki. Irin waɗannan su suka fi ruɗa masu shago, domin ga suna daidai, ga hoto yana buɗewa a waya da a Chrome, amma Photoshop ya ce a'a.

Akwai hanyar leƙa ciki da ba ta buƙatar intanet ko wata sabuwar manhaja. Ka yi kwafin hoton, ka buɗe kwafin da Notepad. Za ka ga tarkacen alamomi marasa ma'ana sun cika shafi, kada su dame ka, layin farko kawai za ka duba. Idan ka ga JFIF ko Exif a kusa da farko, JPEG ne na gaske. Idan ka ga PNG, PNG ne. Idan ka ga RIFF sannan WEBP, WebP ne. Idan ka ga ftyp sannan heic ko mif1, HEIC ne, idan kuma avif ne ya biyo baya, to AVIF ne, wani salo da ya fito a 2019. Idan kuwa shafin fari ne fes, babu komai, wannan wata magana ce daban da za mu zo kanta. Abu ɗaya nake gargaɗi a kai: idan ka gama dubawa ka rufe Notepad ba tare da ka adana ba, domin adanawa tana lalata hoton gaba ɗaya. Dalilin da ya sa na ce a yi da kwafi ke nan.

Idan an gano salon, gyaran ba shi da wuya. Ana buƙatar manhaja guda da ta san sabon salo, ta buɗe hoton, ta sake adana shi a matsayin JPEG, sannan tsohuwar manhaja ta ci gaba da aikinta. GIMP 2.10, da ta fito a 2018, tana buɗe WebP da HEIC, tana aiki a kan Windows 7, kuma kyauta ce ga kowa, har da mai sana'a. XnView MP tana buɗe ɗaruruwan salo, kuma tana iya juya hotunan biki guda a lokaci ɗaya, sai dai masu ita kyauta suka bayar don amfanin gida, mai kasuwanci ana so ya sayi lasisi. Sau ɗaya ake sauke su. Wanda sabis ba ya isarsa a ƙauye sai ya sauke ranar da ya shiga Gumel, ya ajiye a filash. Mai Windows 10 zai iya ɗauko HEIF Image Extensions da HEVC Video Extensions daga Microsoft Store, ta biyun ana biyan ɗan kuɗi kaɗan, daga nan Windows zai riƙa nuna hoton. Amma a sani, wannan bai sa tsohon Photoshop ya koyi komai ba, sai dai a juya hoton tukuna.

Ta ɓangaren wayar ma akwai gyara. A iPhone, idan aka shiga Settings, aka je Camera, sannan Formats, aka zaɓi Most Compatible, duk hoton da za a ɗauka nan gaba JPEG zai zama. Na baya kuwa suna nan yadda suke, amma idan aka shiga Photos a cikin Settings aka zaɓi Automatic a ƙarƙashin Transfer to Mac or PC, wayar da kanta za ta juya su yayin da ake kwashewa da kebul. Manhajar tura fayil ta Xender kuwa ba ta juya komai, yadda ta ɗauko haka take saukewa.

Akwai gajerun hanyoyi uku da ake bi idan layi ya yi tsawo, kuma ya kamata a san farashin kowace. Ta farko ita ce a tura hoton ta WhatsApp. Idan aka tura shi a matsayin hoto zai iso a JPEG, matsala ta kau, amma an rage dogon gefensa zuwa fiksel 1600 ko kusa da haka, sai in an zaɓi HD, zaɓin da aka ƙara a 2023. Lissafin a bayyane yake. Bugu mai kyau yana son fiksel 300 a kowane inci. Hoton inci 4 da 6 yana buƙatar 1200 da 1800, don haka na WhatsApp zai wuce da ɗan ragi, fasfo kuwa ba shi da matsala ko kaɗan. Amma na inci 8 da 10, wanda za a sa a firam a rataye a ɗakin amarya, yana buƙatar 2400 da 3000. Idan kuma aka tura a matsayin dokumen, girman yana nan, amma salon ma yana nan, HEIC zai iso a HEIC.

Ta biyu ita ce ɗaukar hoton fuskar waya, wato sikirinshot, kuma ita ce na fi ƙi. Kyamarar iPhone mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai fiksel 4032 da 3024. Fuskar ƙananan wayoyi da yawa faɗinta fiksel 720 ne kacal. Wanda ya ɗauki sikirinshot a irin wannan waya ya zubar da fiye da kashi tara cikin goma na hoton, sannan ya karɓi cikakken kuɗi ya miƙa wa mai shi fuska dishi-dishi. Mai hoto ba zai san abin da aka yi masa ba, zai dai ce firintar shagon nan ba ta da kyau, gobe ya wuce wani wuri.

Ta uku ita ce shafukan intanet masu juya hoto kyauta. Suna aiki, amma sai ka ɗora hoton a kwamfutar wasu mutane da ba ka san su ba, ba ka kuma san abin da za su yi da shi ba. Hotunan da ake kawowa shago sun haɗa da na amare ranar kamu, da na matan aure a cikin ɗakunansu, da na katin shaida mai ɗauke da lambar mutum. Wanda ya miƙa maka wayarsa amana ya ba ka. Manhajar da ke cikin kwamfutarka tana yin wannan aiki ba tare da hoton ya fita daga shago ba, kuma idan an gama a goge kwafin a gaban mai shi.

Wani lokaci Notepad zai nuna JPEG ne na gaske, amma duk da haka a ƙi karɓarsa. Wannan ya fi faruwa da ƙananan firintocin da ake soka musu memori kai tsaye, irin waɗanda masu hoto ke yawo da su wuraren biki. An gina su a kan wata ƙa'ida da kamfanonin Japan suka tsara a 1998, wadda ta ce hoto ya zauna a cikin folda mai suna DCIM, da gajeren suna mai haruffa da lambobi takwas, yadda kyamara ke yi. Hoton da aka ajiye a wata folda, ko aka sauya masa suna, ko aka gyara shi a kwamfuta, ƙila firinta ta tsallake shi kamar ba ya nan. Sannan JPEG kanta iri-iri ce. Masu zana katin ɗaurin aure da kalanda da fastar 'yan siyasa sukan fitar da aikinsu a tsarin launi na CMYK, wanda aka yi don manyan injinan ɗab'i, alhali manhajojin buga hoto RGB suke jira. Hotunan intanet kuma da yawa nau'in Progressive ne, mai bayyana kaɗan-kaɗan, kuma wasu firintocin Baseline kawai suka sani. Duka biyun tsohon Photoshop yana gyara su: a buɗe, a mayar RGB a ƙarƙashin Mode, a adana a zaɓi Baseline. Memorin da ya haura gig 32 kuwa yana zuwa da tsarin exFAT, wanda tsofaffin firintoci ba sa karantawa sam, sai a kwashe hotunan zuwa ƙarami.

Suna ma yana hana ruwa gudu. Tsofaffin manhajoji da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, ba su san haruffan Larabci ba, balle 'yan zanen fuska da zuciya da matasa ke sa wa sunan folda. Baƙinmu da ke tsallakowa daga Dungas da Magarya sukan zo da sunaye masu wasulan Faransanci. Sai a sauya wa kwafin suna zuwa wani abu mai sauƙi, kamar hoto1, a ɗora shi a kan Desktop, domin Windows ma yana gazawa idan adireshin fayil ya wuce haruffa 260. Masu babbar kyamara kuma, idan suka ga CR2 ko CR3 ko NEF, ɗanyen hoto ne na Canon ko Nikon, a buɗe shi da manhajar kamfanin kyamarar, a kuma saita kyamarar ta riƙa ajiye JPEG a gefe.

Saura inda lalacewar ta gaske ce, kuma girman fayil ne ke fara tona ta. Hoton waya yakan kai megabait ɗaya zuwa biyar. Idan ka ga sifili, ko 'yan kilobait kaɗan, hoton bai iso ba. Ƙila an zare kebul kafin a gama, ko janareta ya mutu ana tsakiyar kwafi, ko Xender ya yanke. Hoton da rabinsa ya fito rabinsa toka-toka shi ma haka ne. A sake turowa. Wani lokaci ainihin hoton ba ya cikin wayar ma, iCloud ko Google Photos sun kwashe shi sama sun bar ƙaramin samfuri, sai an sami sabis an sauko da shi. Shi kuwa bairos ɗin da ake yawan ɗora wa laifi, wanda ya fi addabar shagunanmu ba cinye hoto yake yi ba, ɓoye foldoji yake yi ya bar gajerun alamomi masu kibiya a madadinsu. Kada a danna su. A wanke filash ɗin da manhajar kashe bairos, sannan a buɗe Command Prompt, a shiga filash ɗin, a rubuta attrib -h -r -s /s /d, foldojin za su dawo.

Wanda ba shi da magani shi ne memorin jabu. An rubuta gig 64 a jikinsa, waya ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsa 8 ne ko ƙasa da haka. Yana karɓar hotuna lafiya har ya cika, daga nan ya ci gaba da rubuta sunayensu ba tare da ya ajiye komai ba, ko ya riƙa danne na baya. Irin wannan fayil ne za ka buɗe da Notepad ka ga shafi fari. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika memori da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi gaskiyar girmansa. Mai hoton da zai ɗauki bikin mutane da sabon memori bai gwada shi ba yana wasa da ranar da ba za ta maimaitu ba. Idan kuwa memorin na gaske ne, hotuna suka goge bisa kuskure ko aka yi masa fomat, PhotoRec ko Recuva sukan dawo da su, da sharaɗin ba a ƙara ɗora komai a kansa ba tun lokacin.

Wani lokaci hoton da aka kawo shi kaɗai ne ya rage na mahaifin da ya rasu, ko na 'yar da aka kai aure Damagaram. Idan ka duba suna, ka leƙa ciki, ka duba girma, ka tabbatar ya tafi, faɗa wa mai shi gaskiya cikin ladabi, kuma kada ka yi wa memorinsa fomat da sunan gyara. Ka ce masa, "Baba, ka ajiye wannan kati kada a ƙara sa shi a waya, sannan ka tambayi duk wanda aka taɓa tura wa hoton nan." Sau da yawa kwafinsa yana zaune a WhatsApp ɗin wani ɗan uwa, kuma ko da an rage masa girma, zai isa a wanke shi inci 4 da 6.